Tsatsar Mulberi a Shekarar Awaki Tara

Aikin farko da aka ba ni a lambun mulberi shi ne juya ganye. Mai lambun, wani dattijo ɗan asalin China da kowa ke kira Ankul Tan, ya kai ni bakin layi na ɗaya, ya tsugunna, ya kama ganyen da ya fi kusa da ƙasa, ya kifa shi a tafin hannunsa ya duba bayansa, ya sake shi, ya matsa gaba. Ya ce in yi haka har ƙarshen layi na goma sha takwas, in na ga wani abu in kira shi. Na tambaye shi mene ne zan gani. Ya ce in na gan shi zan sani. Kwana huɗu na yi ina tafiya a tsugune kamar mai kalar gyaɗa, ban samu komai ba sai ciwon gwiwa. A raina na gama yanke cewa tsohon nan ya rasa abin da zai yi da ni ne.

A lokacin ni ba yaro ba ne. Na haura talatin, kuma na yi noman rani a Kadawa tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Na san tumatur, na san albasa, na san alkama. Karatu ne ya kawo ni Kuala Lumpur a farkon shekarun dubu biyu, wata kwaleji a Setapak. Karatun ya ƙare, ni ban ƙare ba, kuma yadda aka yi na zauna wani labari ne daban. Kullum da sassafe ina shiga bas daga Setapak zuwa hanyar Gombak, in sauka inda gidaje suka fara ƙarewa, in taka na minti ashirin zuwa gindin wani tudu. Nan lambun yake, ya gangaro daga tudun har bakin wani ɗan rafi.

Ina rubuta wannan ne saboda ku samarin da ke zuwa wurina yanzu da waya a hannu. Kun ga an soka sanda a ƙasa ta yi ganye cikin mako biyu, kun ce ai wannan noman masu barci ne. Ban ƙaryata ku ba, mulberi ba shi da wuyar kamawa. Ko sandar kora kaji ka yi da shi ka manta ta a ƙasa mai danshi, za ka dawo ka tarar ta tofo. Wahalarsa tana bayan ganye, gefen da ba a ɗauka a hoto.

Ga wanda bai san shi ba, mulberi itace ne da ba a barinsa ya zama itace. Ana sare shi daidai gwiwa, kututturen ya fitar da rassa masu faffaɗan ganye, a tsinke ganyen, a sake sare rassan, ya sake fitarwa. Yana yin 'ya'ya baƙaƙe masu ɗan tsami, amma mu ganye muke nema. A wasu ƙasashe tsutsar siliki ake ciyarwa da shi. A wurinmu busar da shi ake yi a yi shayi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai almakashin reshe, wanda Ankul ke wasawa da kansa duk Litinin kuma ba ya ba da aronsa. Akwai parang, wato adda. Akwai fartanya mai dogon ƙota, da kwandunan roba masu huji don kada ganye ya yi gumi. Sai turaku. A bakin kowane layi akwai turken gora, an rubuta masa da jan fenti ranar da aka sare layin. Ran da aka sake sara, a kankare tsohon rubutu da wuƙa a rubuta sabo. Da farko na ɗauka tsirfa ce irin ta tsofaffi. A gida in ka tambayi manomi shekarun mangwaronsa, daga ranar dashe zai ƙirga maka. Ankul ya ce shi ba ruwansa da ranar dashe. Kututture na iya yin shekara goma, amma ganyen da ke kansa yaro ne ko tsoho gwargwadon abin da turke ya ce. Dokarsa ɗaya ce kuma ba ta da sassauci: babu layin da zai wuce kwana sittin ba a sare shi ba, in lokacin ruwa ne ma gara a rage.

A wata na uku na ga abin da aka sa ni nema. A layi na goma sha shida ne, kusa da rafi. Na juya wani ganye na ga ɗige-ɗige kamar kan allura, launin ƙarfen da ya kwana a ruwa. Na shafa, wani gari ja ya kama yatsana. Na kira Ankul. Ya duba ganyen, ya je ya duba turke, ya ce kwana arba'in da takwas ke nan, ta zo a kan lokacinta. Da Malay ɗina mai ɗingishi da nasa mai sauri muke magana, amma na gane shi. Tsatsa ce, dangin funfuna, kuma garin nan da ya kama yatsana shi ne irinta. Iska ke ɗaukarsa, ruwa ya fantsama shi.

Abin da na koya game da ita a shekarun da suka biyo baya ba shi da yawa, sai dai kowanne da gwiwata na biya shi. Ba ta cika taɓa sabon tofo ba. Ganyen wata ɗaya za ka juya ɗari ba ka ga ɗigo ba. Tana farawa ne daga na ƙasa, waɗanda suka fara fitowa suka tsufa, suka yi kauri, rana ba ta kai musu, sannan ta hau sama a hankali. Ganyen ya yi rawaya ta fuska, ya bushe ta gefe, ya faɗi tun lokacinsa bai yi ba. Tsohon kututture mai rassa cunkus ya fi saurin kamuwa, don cikinsa ba ya bushewa. Ba ta kashe itacen. Ganyen kawai take ci, kuma ganyen ne sana'ar.

Sai yanayi, wanda shi ne ya fi ba ni wuya, don da kan mutumin Kadawa na zo. Mu mun san damina mun san rani. A can ruwa ba ya yin sallama ya tafi, sai dai ya ragu. Wajen Fabrairu da tsakiyar shekara rana na yin zafi, ganye ya bushe tun hantsi, tsatsa ta lafa har ka manta da ita. Daga Oktoba zuwa Disamba kuwa kusan kullum da la'asar sai an yi ruwa. Na ɗauka ruwa mai ƙarfi ne abin tsoro. Ankul ya ce a'a, shi mai ƙarfi ya zo ya wuce rana ta fito. Wanda zan ji tsoro shi ne yayyafin da ke wuni, da hadarin da ke rufe sama kwana uku ba ya zuba ba ya tafiya, da safiya mai ɗan sanyi wadda raɓa ke zama a kan ganye har ƙarfe goma. In jiƙaƙƙen ganye ya haɗu da tsufa, ba sai an gayyace ta ba. Kuma a duk lambun babu inda raɓa ke daɗewa kamar layuka shida na ƙasa, na bakin rafi, don inuwar tudu na rufe su da safe.

Ranar Alhamis ita ce ranar Kak Rosnah. Kak ana ce wa yaya mace, kuma haka kowa ke kiranta. 'Yar Malay ce, tana da ɗakin busar da ganye a bayan gidanta, tana ƙulla shayi tana kai wa masu kedai, wato kantuna. Rabin abin da muke tsinkewa ita ke ɗauka. Tana zuwa da 'yar motarta, ta zuba hannu can ƙasan kwando ta zaro ganye uku, ta juya su, ta ɗaga su ga haske. Ba ta ciniki ba ta hira. In ta ce boleh, wato ya yi, a loda. Sauran masu saye ƙanana ne: masu zomaye, da masu son 'ya'yan, da matan mutanenmu na unguwar Wangsa Maju da ke sayen dashe a tukunya su ajiye a baranda a hawa na goma sha biyu, bayan wata biyu su aiko a tambaye ni me ya sa bai yi 'ya'ya ba.

Rassan da aka sare, waɗanda ganyensu bai kai na shayi ba, da zubar da su ake yi. Ni ɗan Kadawa ba na iya kallon ɗanyen ganye a juji. Na roƙi Ankul ya bar ni in kafa ɗan garke a bayan lambu, ya yarda. Duk shekara in Babbar Sallah ta gabato nakan sayi akuya biyu ko uku a ƙauye, in kiwata su da ragowar sara. Mulberi na sa akuya ƙiba da sheƙin gashi, kuma labari ya bazu a cikin mutanenmu cewa dabbar Malam Hamisu daban take.

Ina shekara ta biyar a lambun idon Ankul ya yi yana. 'Yarsa da ke garin Ipoh ta ce sai ya zo a yi masa aiki, ido ɗaya bayan ɗaya, ya zauna wurinta ya warke. Wata uku zai yi. A farkon Oktoba, ranar da zai tafi, ya zagaya da ni layi-layi yana karanta turaku. Da muka iso bakin rafi ya tsaya. Ya ce, da ɗan "lah" ɗin nan da mutanen can ke rufe magana da shi, "Hamis, ni na tsufa lah. Gangaren nan yana cin gwiwata. In na dawo na tarar da lambu yadda na bar shi, layukan nan shida naka ne. Ka noma, ka sayar wa wanda ka ga dama, ba ruwana." Ya zaro almakashinsa daga aljihu ya miƙa mini. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Baƙo a ƙasar mutane ba ya samun ƙasar da zai ce tasa, ko da layi shida ne. Turakunsu sun ce tsakiyar Satumba aka sare su, saransu na gaba tsakiyar Nuwamba.

Bayan mako ɗaya, an fito daga sallar Juma'a, Dakta Sanusi ya tare ni. Malamin jami'a ne, mutumin Zariya, shi ke tattara mutanenmu a kan hidimar layya. A shekarar Babbar Sallah a ƙarshen Disamba ta faɗo. Ya ja ni wani shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi masu shayi da abinci, ya saya mini shayi.

Ya ce, "Malam Hamisu, bana fa mun yi yawa. Gida tara ne suka rubuta suna. Kowa cewa yake shi taka yake so, ba ta kasuwa ba. Boleh?"

Na ce, "Dakta, tara da yawa. Ragowar sarana uku take ɗauka."

Ya ce, "Haba Malam, kai da ke zaune a tsakiyar ganye? Mu lakca ba ta barinmu mu je ƙauye. Hajiya ma ta riga ta gaya wa matan an gama magana."

Na ce to, Allah ya kai mu.

A bas ɗin komawa na yi lissafin da duk manomin garinmu zai yi. A gida abin da ka fi so ka ajiye, ba ka taɓa shi sai buƙata ta zo. Harawa a ɗaure a ɗora a kan rumfa ta yi wata biyar. Ganyen bishiya a bar shi a kan bishiyarsa, nan ne rumbunsa, ran da dabba ta buƙata a hau a sassabo. A can ba ka iya ajiye harawa, kwana uku ta yi funfuna, wannan na sani. Sai na ce to a ajiye ganyen a tsaye. In na tsallake saran Nuwamba a layuka shida na ƙasa, rassan za su kai tsayin mutum, in riƙa yanko wa awakin a makonnin ƙarshe, lokacin da ake son su ɗaure ƙiba. Layukan sun fi kowanne yabanya, kuma suna dab da garke. Na san dokar kwana sittin. Na san inda raɓa ke kwana. Amma na ce wa kaina ai wata ɗaya kawai zan ƙara, kuma ai layukan sun kusa zama nawa. Tun ba a ba ni ba na fara yi musu kallon gado.

Nuwamba ta shigo da ruwan da ba shi da hayaniya. Sai a wayi gari sama a rufe, a yi yayyafi zuwa azahar, a ɗan tsagaita, a ci gaba. Rigar da na shanya a rumfar lambu ta yi kwana huɗu ba ta bushe ba. Aikin mutum biyu ya dawo kaina, ga awaki tara, sai na rage juya ganye. Layukan sama nake dubawa saboda Kak Rosnah. Na ƙasa kuwa daga nesa nake kallonsu, kore shar, sun fi ni tsayi, rassan layi ɗaya sun rungumi na ɗaya har hanyar tsakaninsu ta toshe. Ganinsu yana faranta mini rai.

Ranar da turke ya cika kwana saba'in na shiga da parang in fara yanka. Ƙafata ce ta fara gaya mini, don a kan ruɓaɓɓen ganye na taka. Daga ƙasa har ƙuguna rassan sun zama tsirara. Abin da ya saura daga ƙugu zuwa ƙirji rawaya ne, na juya ɗaya na tarar babu wurin da za a ɗora kan allura. Na fito daga layin farar rigata ta koma ja.

Abin da ya kamata in yi a ranar na san shi sarai: in sare layukan shida gaba ɗaya, in kwashe, in ƙone. Amma saura kusan mako biyar Sallah, awaki tara na kuka a bayana, kuma na ce wa Dakta to. Sai na zaɓi dabara. Na tsige ganyen da suka kamu na bar na sama, ina cewa zan riga ta cinye su. Tsigewar ma girgiza rassan take yi, garin yana tashi, iskar rafi tana hawa da shi tudu. Awakin suna cin na saman, su shinshina mai tsatsa su kau da kai. Kowace safiya abin da na bari jiya a kan reshe sai in tarar da rabinsa a ƙasa. Ajiyar da nake taƙama da ita ta riga awakin ƙarewa.

Alhamis ta biyu bayan nan Kak Rosnah ta zaro ganyenta uku daga kwandon layi na tara. Kwanansa arba'in da biyu kacal, bai isa kamuwa haka ba in da lambun lafiya yake. Ta ɗaga na farko, ta ɗaga na biyu. Ba ta ɗaga na uku ba.

Ta ce, "Tak boleh, adik." Wato bai yi ba; adik kuwa ƙane ne, haka take ce mini.

Na ce, "Kak, zan tsince miki masu kyau. Ki ba ni awa ɗaya."

Ta ce, "Mutane sha suke yi. In na busar da wannan, jan gari ne zai kwanta a ƙasan kofi." Ta dubi gangare, ta ga dogayen rassan nan masu ɗan tuntun ganye a ka. Ta ce, "Ankul ya san da waɗancan?" Na sunkuya ina mayar da ganyen cikin kwando. Ta shiga motarta ta tafi da kwandunanta babu komai.

Na je kantin maganin gona a Setapak. Mai kantin ya ce akwai na feshi, amma in na fesa ba tsinka ba ciyarwa sai an ɗauki kwanaki, kuma ganyen da ya riga ya kamu ba ya warkewa, kuma da ruwan nan kafin in wanke famfon feshi an wanke mini maganin. Ya tambaye ni kwanan ganyen nawa. Da na faɗa sai ya mayar da kwalbar kan kanta.

A kwana na casa'in da biyu na sare su. Almakashin Ankul ya kasa cin wasu rassan, sai da na sa parang. Na bi layukan sama ma na sare duk wanda ya haura wata ɗaya. Ƙona jiƙaƙƙen ganye a cikin yayyafi aiki ne da ba na yi wa kowa fatansa. Kwana uku ina fama da hayaƙi. Sannan na ɗauki wuƙa da gwangwanin fenti na bi turaku, na kankare tsohuwar rana na rubuta sabuwa, kamar yadda ake yi duk ran da aka yi sara. Babu ƙarya a abin da na rubuta. Amma ina kankare tsakiyar Satumba daga turakun nan shida na ji sauƙi a raina, kuma na san dalilin sauƙin.

Awakin da ciyawar bakin kwata da dusar kanti suka ƙarasa. Ranar Sallah aka yanka, aka raba, aka ci a gidan Dakta a Wangsa Maju. Wani ya ce na bana bai kai na bara mai ba. Dakta ya ce ai dai an yi ibada, Allah ya saka wa Malam Hamisu. Na ce amin.

Ankul ya dawo a makon farko na sabuwar shekara, da baƙin tabarau da sanda. Ya tsaya a saman tudu ya daɗe yana kallon lambun, fiye da rabinsa kututture ne da ɗan tofo. Ya fara gangarowa yana karanta turaku, ina biye da shi. Sai da muka kai bakin rafi ya yi magana. Ya ce, "Me ya faru, Hamis?"

Na yi kwanaki ina shirya amsar gaskiya, har da Malay ɗin da zan faɗe ta. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ruwa ne, Ankul. Bana ruwa ya yi yawa."

Ya ce, "Ruwa ya yi yawa, haka ne lah. A Ipoh ma haka." Ya jingina sandar, ya tsugunna da ƙyar a gaban kututturen farko, ya cire tabarau. Ya ɗora ƙaramin yatsansa a kan bakin sara, inda na yanke reshe. Yatsan bai rufe wurin ba. Ya ɗora babban yatsa, ya rufe daidai. Ya matsa kututture na biyu ya yi haka, ya yi a na uku. Ni da kaina na san reshen wata biyu kaurin ƙaramin yatsa yake, ɓawonsa kore. Waɗannan ɓawonsu ya yi ruwan ƙasa, cikinsu ya zama itace. Turke na kankare, ban tuna kututture ma yana riƙe da nasa lissafin ba.

Ya miƙe yana dafa gwiwa. Ya ce, "Tsatsa ta cinye mini lambu sau uku tun kafin ka zo. Sau biyu laifina ne. Na gaya wa mai gidana a lokacin." Ya miƙo hannu, na zaro almakashin na ba shi. Ya duba bakinsa, ya ga inda ya dakushe, ya sa a aljihu. Ya ce gobe in zo da wuri, akwai taki da za a zuba.

Bai kore ni ba, bai rage mini ko sisi ba, bai ƙara tayar da maganar ba. Fabrairu ta zo da rana, ganye ya dawo cikin mako shida, mai kyau kamar ba a yi komai ba. Kak Rosnah ta dawo a wata na uku, sai dai daga ranar ganye biyar take zarowa. A watan Afrilu wani mutum ya zo da igiyar awo, Ankul ya zagaya da shi bakin rafi. Ya ba shi wurin ya noma alayyafon ruwa. Kututturan layukan shida ni aka sa na tone su, mako biyu ina yi, don saiwar mulberi tana tafiya da nisa.

Saboda haka in kun zo wurina na ba ku layi na ce ku juya ganye, kada ku ɗauka na rasa aikin ba ku ne. Ku fara daga na ƙasa. Ku dubi sama da safe ku ga ƙarfe nawa raɓa ke tashi. Ku rubuta ranar sara a inda kowa zai gani, kuma in kwana sittin ta cika ku sare, ko ganyen ya fi kowane lokaci kyau, ko wa kuka yi wa alkawari. Cutar kanta mako shida kawai take ci lambu ya farfaɗo.

Na ƙara shekara huɗu a lambun kafin a sayar da tudun a gina gidaje. A cikinsu Ankul ya je Ipoh sau da yawa. Duk tafiyar da zai yi, surukinsa ke zuwa ranar Asabar, ma'aikacin ofis ne mai farin takalmi wanda bai san mulberi da rogo ba. Mutumin kirki ne, yana gaishe ni da ladabi, wani lokaci har ya kawo mini abinci a ƙulle. Sai ya bi layuka da waya a kunne yana karanta wa tsohon turaku ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina tsaye a gefe riƙe da kwando har ya gama.